Babu-Damuwa da Waƙar Shigowar Amarya

Jama'a, ku gyara zama. Yau babu doguwar gaisuwa, domin cikina a cike yake, kuma idan ban zubar da shi a nan ba, to a coci zan zubar, ga shi gobe Lahadi ne aka ce za a karanta sanarwar aurena.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni tela ce, auta a gidanmu. Shagona yana bayan cocinmu, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Wanda zan aura shi ne mai kaɗa piyano a cocin. Dogo ne, mai tsabta, ba ya ɗaga murya, takalminsa kullum sai ka ce yanzu aka ciro daga kwali. Sunan da na sa masa a wayata Babu-Damuwa, domin amsarsa ke nan ga komai. Ka taka shi, babu damuwa. Ka ari cajarsa ka hana, babu damuwa. Ranar da na gaji da rakiyar da yake yi mini kullum ba ya cewa uffan, na tsaya a ƙofar shago na ce, "Wai kai sona kake yi, ko motsa jiki kake fitowa?" Ya yi murmushi, ya sosa ƙeya, ya ce, "Babu damuwa." Ni kuma sokuwa na shige shago ina rawa da tef a wuya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Matsalar ita ce iyayenmu mata. Mamata ce shugabar zumuntar mata. Uwarsa kuwa ita ke jagorantar mawaƙa, kowa Maman Mawaƙa yake ce mata. Tun ina makarantar Lahadi su biyun tare suke zuwa kasuwa, tare suke yanka atamfa iri ɗaya. Yau shekaru ke nan ko "ina kwana" ba ta haɗa su.

Ga abin da ya faru. A cocinmu, lokacin baiko, wato sa'ad da ake tara kyauta ga Allah, duk wanda waƙa ta zo masa yana iya ɗagawa, sauran su amsa. Wata Lahadi Mama ta miƙe daga bencin mata na gaba, ta gyara ɗankwali, ta ɗaga waƙa. Ba ta gama layin farko ba sai Maman Mawaƙa, daga can ɓangaren mawaƙa, da makirufo a hannu, ta ɗaga wata waƙar daban a kanta. Idon kowa ya koma kan mai piyano, a ga wa zai bi. Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Bai bi uwarsa ba, bai bi uwata ba. Ya nemo wani sauti a tsakiya wanda bai dace da ko ɗaya ba, ya yi ta dannawa yana murmushi. Hagu suka bi Mama, dama suka bi makirufo, yara suka toshe kunne. Makirufo ya ci nasara, Mama ta zauna da sauran waƙarta a baki.

Daga ranar cocinmu ya zama biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya. Akwai 'yan hagu, akwai 'yan dama. Ni kaina a shago sai na raba musu lokacin gwaji, don kada su haɗu a gaban madubi.

Kada ku ɗauka an yi zage-zage. Ina! Mu ba ma faɗa, mu 'ya'yan salama ne. Matan kasuwa za su cire ɗankwali su ɗaura a ƙugu, su gaya wa juna ta ciki, kafin yamma ka ga ɗaya tana riƙe wa ɗaya jariri. Mu kuwa addu'a muke yi. Idan kuna son ku ji rikicin cocinmu, ku zo addu'ar Laraba.

Mama za ta miƙe, ido a rufe, hannu a ƙirji: "Ya Uba, muna kawo maka waɗansu 'yan'uwanmu da ka ba su murya amma ba ka ba su tawali'u ba. Ba mu ambaci suna ba, kai ka san su. Ka taɓa zuciyarsu." 'Yan hagu su ce amin har kwanon rufi ya amsa.

Kafin amin ɗin ya sauka Maman Mawaƙa ta miƙe: "Ya Ubangiji, ka tuna da masu riƙo. Waɗanda shugabanci ya hau musu kai, har suna ganin kowace waƙa gadonsu ce. Ka warkar da su, ko da ba su san suna ciwo ba." 'Yan dama su ce amin, wata ma har da tafi.

Ni dai ina tausaya wa mala'ikan da yake ɗaukar addu'o'in Larabarmu.

Idan Fasto ya ce kowa ya gaisa da na kusa da shi kuwa, nan za ka ga ikon Allah. Mama sai ta tuna akwai abin da take nema a ƙasan jaka. Maman Mawaƙa sai tari ya kama ta, ba zai sake ta ba sai kowa ya zauna. An kafa kwamitin sulhu, har da Babana a ciki. Na tambaye shi ina aka kwana, ya rage ƙarar rediyonsa ya ce, "Auta, na zauna a kwamitin nan har kujerar ta san ni. Mun ji bakin kowa a cocin nan, ban da bakin su biyun." Daga baya shi ma kwamitin ya rabe hagu da dama.

A cikin wannan wutar ni da Babu-Damuwa muka kai maganarmu ofishin Fasto. Ɗaki ne ƙarami, fanka mai kuka, labule ruwan ƙasa, tagar gilashi da ɗaya ya fashe tun ina yarinya ba a sake ba. Baba Fasto ya cire tabarau ya dube mu.

"'Ya'yana, ba ni da matsala da ku. Amma ba zan sa a karanta sanarwa ba sai iyayenku mata sun zauna su biyu a ɗakin nan sun yi magana."

"Baba, kwamiti fa ya..."

"Ki bar kwamiti. Abin da nake koyarwa kullum shi ne, idan ɗan'uwanka ya ɓata maka, ka fara zuwa wurinsa kai kaɗai. In ya ƙi, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sannan ikilisiya ta ji. Ku a cocin nan daga ƙarshe kuke farawa. Ikilisiya ta ji, maƙwabta su ji, mai katifa ya ji. Wanda aka yi abin da shi ne kaɗai ba ya ji."

Na dubi angona in ga ko zai ce wani abu. Ya gyara agogo ya ce, "Babu damuwa, Baba. A bar mini."

A gida kuwa Mama ta samu abin da take so. Tana ninke kaya a kan gado, ko kallona ba ta yi, ta ce, "Ni in je in zauna da matar nan? Auta, maza sun ƙare ne? Ga ɗan mai kemis, yaro mai ladabi, uwarsa ko waƙa ba ta iya ba, balle ta hau kan ta wani."

"Mama, ba uwarsa zan aura ba."

"Haka kowace yarinya take cewa. Ki je ki tambayi matan zumunta wa suka aura."

Na shiga ɗaki na yi kuka na gaske, irin wanda yake kumbura ido. Ina son mutumin nan, kada ku ga ina yi masa tsiya. Ranar da keken ɗinkina ya lalace ana gobe zan ba da kayan biki, shi ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai gyara, ya dawo ya zauna yana sa mini maɓalli da hannunsa har muka gama. Na tura masa saƙo: "Mama ta ƙi. Ta fara maganar ɗan mai kemis." Amsa ta shigo nan take: "Babu damuwa. Ki yi barci." Ya haɗa da hoton hannu biyu na addu'a.

To, sai ga abin mamaki. Ba a yi mako ba Mama ta fara waƙa a kicin. Larabar da ta zagayo ta miƙe ta yi addu'a a kan marasa lafiya da masu tafiya, ta zauna. 'Yan hagu suka yi ta kallon juna, amin ɗinsu ya fito a sanyaye, kamar waɗanda suka zo kallon dambe aka ce an ɗaga. Maman Mawaƙa ita ma ta yi wa ɗalibai masu jarrabawa addu'a. Da muka koma gida Mama da kanta ta ce mini, "Ki gaya wa Fasto ranar Asabar zan zo."

Na rubuta wa angona: "Me ka yi musu?!"

"Addu'a kawai."

"Ka rantse."

"Kirista ba ya rantsuwa," ya rubuto, da fuskar dariya.

Na rungume wayar. Na ce a raina, ashe shiru-shirun nan hikima ce. Har na canja sunansa a waya zuwa Mai Sulhu, na sa zuciya biyu a gefe.

Ranar Alhamis da safe Mama ta shigo shago da leshi ruwan zuma a leda, wanda ta daɗe tana ɓoyewa a ƙasan akwati. Ta tsaya gaban madubi ta buɗe hannuwa.

"Ki auna ni da kyau. Hannun rigar ki yi shi mai faɗi, yadda in na ɗaga hannu zai zubo. Kuma kada ki matse mini ƙirji, ina bukatar numfashi."

"Numfashin me, Mama? Gudu za ki yi?"

Ta yi wani murmushi da rabon in gan shi tun kafin rikicin. "Yaron nan yana da hankali. Ya zo har gida ba kya nan, ya durƙusa. Ya ce uwarsa ta gane ita ce da laifi, kunya ce ta hana ta faɗa. Ya ce ranar biki ni zan ɗaga waƙar shigowar amarya, da makirufo, shi kuma zai bi ni da piyano. To me ya rage? Zan je in yafe mata. Ai mu aka ce mu yafe."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na rubuta awonta ina cewa Allah ya yi wa angona albarka.

Da rana, ina cikin yankan wani siket, sai ga inuwa a ƙofa. Maman Mawaƙa ce, da ledarta. Rabonta da shagona tun rikicin. Ta ce, "'Yata, sannu da aiki," har da dafa mini kafaɗa. Ta zazzage leshi shuɗi mai duwatsu a kan tebur. Na sa allurai a baki, na zagaya ta hagunta ina auna kafaɗa, na tambaye ta wane irin wuya take so. Shiru. Na sake tambaya. Shiru. Na ce a raina, to, girman kan bai gama sauka ba. Sai da na dawo gabanta ta ce, "Kin ce me?" Na maimaita.

"Wuya mai faɗi. Kuma ki sassauta mini ƙirji, 'yata, saboda numfashi. Ni zan ɗaga waƙar shigowarki."

Saura kaɗan in haɗiye allura.

"Ɗana ya gaya mini komai," ta ci gaba, tana kallon kanta a madubi. "Ya ce mamarki ta yi nadama, har da hawaye, nauyin shugabanci ne ya hana ta furtawa. Ba komai. Ranar Asabar zan je in yafe mata. Wa ya isa ya riƙe ɗan'uwansa a zuciya?"

Jama'a, makirufo ɗaya ne a cocinmu. Amarya ɗaya ce, ƙofa ɗaya ce, waƙar shigowa ɗaya ce. Mutumin nan ya ɗauki abu ɗaya ya sayar wa mata biyu, ya kuma ƙirƙiro wa kowacce tuban da ba ta yi ba. Abin da ya yi da piyano a ranar rikicin waƙa shi ya sake yi, wannan karon da aurena.

Yanzu za ku ce na kira shi na tambaye shi. Ai ni 'yar cocinmu ce. Na ɗauki waya na sa a sitatus: "Ya Allah ka raba mu da masu baki biyu." Mutum talatin da wani abu suka gani, shi ma ya gani, ya turo mini "Amin." Na kira ƙawata na gaya mata, na ce kada ta gaya wa kowa, addu'a kawai nake so ta taya ni. Da yamma a taron matasa na miƙe, ido a rufe, hannu a ƙirji, na ce, "Ya Uba, ka ba waɗansu 'yan'uwa ƙarfin faɗin gaskiya, ba mu ambaci suna ba." Yana bayana yana bin addu'ata da piyano a hankali, mai taushi, har wata ta share hawaye. Sai da na zauna na ji muryar wa na yi amfani da ita. Ta Mama ce sak, har da inda take jan numfashi.

Na mayar da sunansa Babu-Damuwa, na cire zuciya ɗaya. Ɗayar na bar ta, ban san dalili ba.

Asabar ta zo, wato yau. Mama ta sa farin leshi da ɗankwali mai tsayi, ta fesa turaren da take ajiye wa manyan ranaku. Maman Mawaƙa ta iso cikin atamfa kore da takalmi mai tsini. Kowacce ta shigo harabar coci tana tafiya a hankali, fuska cike da rahama, irin ta wadda ta zo raba kyauta. Baba Fasto ya shigar da su ofis, ya yi gajeriyar addu'a, ya fito ya ja ƙofa, ya tafi duba masu share coci. Ni da angona muka zauna a benci a waje, daidai ƙarƙashin tagar nan mai fasasshen gilashi. Ban zaɓi wurin don gulma ba, inuwa ce a wurin. Amma ban tashi ba.

Mama ce ta fara. "'Yar'uwa, kada ki wahalar da kanki da dogon bayani. Na yafe miki."

Sai na ji muryar Maman Mawaƙa.

"Kin yafe mini? Ai ni ce na zo yafe miki."

"A'a, ki bari. Na riga na yafe."

"Ki yafe me? Ni aka ɓata wa, ni zan yafe!"

"Ke aka ɓata wa? To wallahi sai na yafe miki, ko kina so ko ba kya so!"

Ban taɓa jin Mama ta ce wallahi a harabar coci ba. Na juya na kalli angona. Yana goge gilashin agogonsa da gefen riga, gumi yana bin bayan kunnensa.

"Ba ɗanki ya ce kin gane laifinki ba?"

"Ɗana? Ba shi ya ce kin yi kuka ba?"

"Ni? Kuka? A kan me?"

Fanka ta yi ta kukanta. Daga nan murya ta tashi, ta gaske, ba ta addu'a ba. Mama ta amayar da abin da ta shekara da shekaru tana kai wa Allah ƙara a kansa. Ta ce, "Na miƙe a gaban jama'a, na ɗaga waƙa, kika hau kaina da makirufo kamar ba mutum ba ce ni! Ke da muke cin abinci a kwano ɗaya! Na koma gida ban iya cin komai ba. Ko ki zo ki ce mini yi haƙuri!"

"Wace waƙa kika ɗaga?"

"Kada ki raina mini hankali."

"Na ce wace waƙa? Ni ban ji kin ɗaga waƙa ba. Na ga dai coci ya rikice, na ga kin daina gaishe ni, sai kuma na ji ana kai ni gaban Allah kowace Laraba."

"Duk coci ya ji, ke kaɗai ce ba ki ji ba?"

Da Maman Mawaƙa ta sake magana, muryarta ta sauka ƙasa, sai da na matsa kusa da tagar.

"Kunnena na hagu ya mutu, 'yar'uwa. Tun kafin ranar nan. Bencinku kuma a haguna yake. In ba a gabana mutum yake ba, ko ta dama, ba na ji. Wa zan gaya wa? Shugabar mawaƙa kurma? Washegari za su ce in zauna in huta. Waƙar nan ita kaɗai ta rage mini tun da mai gidana ya rasu."

Na tuna ranar Alhamis, ina tsaye a hagunta da allurai a baki ina zaginta a zuci. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa.

Sai na ji kukan Mama. Wannan karon na gaske ne, ba wanda aka ƙirƙira mata ba. "Shi ne ba ki gaya mini ba? Ni? Da na riƙa zama a damanki ina taɓa ki!"

"Ke ma ai ba ki zo kin tambaye ni ba."

"Ban zo ba," in ji Mama. "Ban zo ba."

Na share idona da gefen mayafi. Sannan wani abu ya faɗo mini, na juya a hankali.

"Ka san da maganar kunnen?"

Bai ɗago ba. "Ni nake kai ta asibiti."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Ka san ba ta ji Mama ba. Ka san dalilin duk wannan abin. Kana zaune a bayan piyano kowace Laraba suna jifan juna, coci ya rabe, Babana ya tsufa a kwamiti, ni na yi kuka har idona ya kumbura, kai kuma kana da magana ɗaya a baki da za ta kashe wutar."

"Ta ce kada in faɗa wa kowa."

"To ita fa? Ka taɓa zaunar da ita ka ce, Mama, ga abin da ya faru ranar nan, ba ki ji ba ne, ki je ki same ta? Wannan ai ba tona asiri ba ne."

Ya buɗe baki, na ga kalmar tana tahowa, na ɗaga masa hannu. "In ka ce mini babu damuwa, sai na cire takalmin nan."

Ƙofa ta buɗe. Suka fito tare, ɗankwalin Mama ya karkace, kwallin Maman Mawaƙa ya zubo. Mama ta zagaya da gangan ta koma damanta, ta riƙe mata hannu. Suka tsaya a kan angona.

"Kai," in ji uwarsa, "za mu yi magana a gida."

"Ki bar mini shi tukuna," in ji Mama. "Ni ya sa wa kuka a baki."

Amma dariya suke yi. Wai sun shirya, tare za su ɗaga waƙar, makirufo a tsakiya. Baba Fasto ya dawo ya gan su, ya ɗaga hannu sama, ya ce gobe sakatare zai karanta sanarwa da bakinsa mai daɗi. Masu shara suka ajiye tsintsiya suna tafi. Wata har ta fara buga waya, na san kafin mu isa gida hagu da dama duk sun ji.

Kowa yana murna ban da amarya. Abin da na yi ta roƙo ya samu, ni kuma ƙirjina kamar an ɗora mini keken ɗinki. Tambaya ɗaya ce take ta juyawa a kaina. Mutumin da ya ce wa uwata eh, ya ce wa uwarsa eh, ya ce wa Fasto eh, don kada ran kowa ya ɓaci a gabansa, ni da na tare shi a ƙofar shago na tambaye shi ko yana sona, me zai ce mini in ba eh ba? Ban taɓa jin ya faɗa da bakinsa ba. Ni na tambaya, ni na amsa wa kaina, ni na yi rawa.

Hannuna har ya kai kan waya, zan sa wani sitatus ɗin. Na mayar da ita jaka.

"Baba Fasto, a ara mini ofis."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Lafiya, 'yata?"

"Ka ce mutum ya fara zuwa shi kaɗai."

Ya matsa gefe. Na kalli angona na nuna masa ƙofa. Ya shiga, na bi shi, na rufe. Na cire mayafina na cusa a ramin gilashin nan, domin na san halin masu zama a inuwa.

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, hannu a aljihu. Ni kuma ban taɓa sanin abin yana da wuya haka ba. Addu'ar Laraba ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, a can idonka a rufe yake.

"Ba Fasto, ba iyaye, ba piyano," na ce. "Gobe za a kira sunana da naka a gaban jama'a. Kafin nan ina so ka gaya mini abu ɗaya da ka san ba zan ji daɗinsa ba. Ko mene ne. In kana sona ka faɗa da bakinka. In kuma tausayina ka ji ranar nan a ƙofar shago, ka faɗa, ba zan mutu ba. Amma ba zan auri mutumin da zai ga gidanmu yana ci da wuta ya yi ta danna sautin tsakiya ba."

A waje iyayenmu sun fara gwada waƙar. Murya biyu, sauti ɗaya, Mama tana ɗan jinkirtawa don ɗayar ta kamo ta. Rabon da in ji abu mai daɗi haka na manta.

Angona ya sunkuyar da kai. Ya cire hannu daga aljihu, ya jawo kujerar Fasto ya ajiye a gabana. Da ya ɗago, babu murmushin nan a fuskarsa, karo na farko tun da na san shi.

"Zauna, Auta," ya ce. "Akwai damuwa."